Tarihin Masaukin Old Hall na Buxton da Iyayen Gidansa

Ina so in yi amfani da filin da Edita ya ba ni in kawo muku tarihin wani masaukin baƙi da ke ƙasar Ingila, tare da mutanen da suka mallake shi ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda muka je ziyarar Yankari tare muna aji biyar za su tuna da ruwan Wikki, wanda ke fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa na kimanin digiri 31, rani da damina. To, irin wannan ruwa ne ya kafa garin da zan ba da labarinsa, wato Buxton. Na sami zuwa can ne sa’ad da ofishinmu ya tura ni kwas birnin Manchesta. Wata ranar Asabar na hau jirgin ƙasa, tafiyar kamar awa ɗaya, sai ga ni a garin.

Malaminmu na Tarihi, Allah Ya saka masa da alheri, ya sha gaya mana cewa in mun ga gini mai ban sha’awa, mu tambayi wanda ya biya kuɗin aikin da kuma inda ya samo su. Da wannan tambaya na bi tarihin Buxton. Abin da na tarar shi ne, manyan gine-ginen garin kusan duka da dukiyar da aka samo a wani wuri dabam aka yi su, kuma duk lokacin da wannan aljihu ya rufe sai gini ya fara zuba.

Garin da ruwansa

Buxton yana cikin lardin Derbyshire, a tsakiyar tsaunukan da ake kira Peak, kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da Manchesta. Tudu ne mai tsawon kusan mita 300 daga saman teku, ga sanyi ga yawan ruwan sama. A cikin kwarin garin ne ruwan yake ɓuɓɓugowa, ɗuminsa digiri 27 da rabi, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, kuma yakan kai lita miliyan ɗaya a kowace rana. Masana sun ce ruwan sama ne da ya sauka kimanin shekara 5,000 da suka wuce, ya nutse cikin duwatsu, zafin ƙasa ya ɗumama shi, sa’an nan ya komo sama.

Rumawa ne suka fara gina wurin wanka a nan, wajen shekara ta 80 Miladiyya. Sun sa wa wurin suna Aquae Arnemetiae, ma’ana ruwan Arnemetia, wata abar bauta ta mutanen yankin. A duk ƙasar Birtaniya garuruwa biyu kaɗai Rumawa suka kafa saboda ruwan ɗumi, wato Bath da Buxton. A shekarun 1970 an tono tsabar kuɗin Rumawa fiye da 200 a bakin maɓuɓɓugar, waɗanda ake jin masu neman lafiya ne suka jefa.

Bayan tafiyar Rumawa wurin ya koma ɗan ƙauye. Kiristocin zamanin suka danganta rijiyar ga wata waliyyarsu mai suna Ann, suka gina ƙaramin ɗakin ibada kusa da ita, kuma wanda ya ji sauƙi yakan rataye sandarsa ta dogarawa a bango ya tafi. A 1538, bayan Sarki Henry na Takwas ya ɓata da Paparoma, wazirinsa Thomas Cromwell ya sa wani mai suna Sir William Bassett ya je ya sauke gunkin waliyyar, ya kwashe sandunan, ya kulle wuraren wankan ya buga musu hatimi. Sai dai ƙofa kawai aka iya kullewa, ruwan bai daina fitowa ba, kuma ba a daɗe ba jama’a suka komo.

Maigida na farko da fursunarsa

Wanda ya fara gina masauki na sosai shi ne George Talbot, Earl na shida na Shrewsbury. Earl sarauta ce ta gado a Ingila, kamar a ce babban hakimi, kuma wannan Talbot yana cikin waɗanda suka fi kowa dukiya a zamaninsa, domin yana da filaye masu yawa, yana kuma harkar darma da baƙin ƙarfe. Matarsa ita ce shahararriyar nan Bess ta Hardwick. A 1569 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta danƙa masa tsaron ’yar’uwarta Mary, Sarauniyar Sukotlan, wadda ta gudo Ingila bayan an tuɓe ta daga sarauta. Elizabeth tana tsoron kada magoya bayan Mary su ɗora ta bisa gadon sarautar Ingila, saboda haka ta mai da ita fursuna.

Tsakanin 1572 da 1573 Talbot ya gina wani dogon bene mai hawa huɗu a jikin maɓuɓɓugar, mai ɗaukar baƙi wajen talatin, aka sa masa suna New Hall, wato sabon zaure. Mary tana fama da ciwon gaɓoɓi, ta yi ta roƙon a bar ta ta je wanka Buxton, kuma daga 1573 zuwa 1584 ta sauka a wannan gida sau da dama, kullum cikin tsaro mai tsanani. An ce a zuwanta na ƙarshe ta kanƙara baitin ban-kwana da garin a gilashin taga da zobenta na lu’ulu’u.

Zuwan Mary ya ja hankalin manyan fada. Lord Burghley, babban mai ba Elizabeth shawara, ya zo neman maganin ciwon ƙafarsa, har Sarauniya ta zarge shi da neman ƙulla abota da fursunarta. Earl na Leicester, na hannun daman Sarauniya, shi ma ya zo a 1577, kuma a kan hanyarsa ta zuwa Buxton ne ajali ya riske shi a 1588. Da haka ƙauyen da ba a san da shi ba ya zama matattarar masu mulki.

Amma shi maigidan bai ji da daɗi ba. Kuɗin da gwamnati ta yanka masa na ciyar da Mary da jama’arta fam 52 ne a mako, daga baya aka rage zuwa fam 30, ya riƙa cika sauran daga aljihunsa yana ta rubuta takardun kuka zuwa fada. Aurensa da Bess ya lalace. A 1584 aka karɓe Mary daga hannunsa, a 1587 aka fille mata kai, kuma saboda muƙaminsa dole ya tsaya a wurin. Ya rasu a 1590.

Tun a lokacin an fara muhawara a kan wanda ya cancanci shiga ruwan. A 1572 wani likita, John Jones, ya wallafa littafi a kan amfanin wankan Buxton, inda ya ba da shawarar kowa ya biya gwargwadon matsayinsa, tun daga sule ɗaya ga manomi mai gonar kansa har fam 5 ga babban bishop, a ba talakawa marasa lafiya rabin abin da aka tara. A wannan shekara kuma majalisar dokoki ta hana masu bara zuwa Bath ko Buxton sai da takardar izni daga alƙalai biyu, saboda yawansu ya fi ƙarfin mutanen garin.

Gidan Cavendish da ’yan haya

Daga baya gidan ya koma hannun zuriyar Bess ta wajen wani mijinta da ta aura kafin Talbot, wato gidan Cavendish, masu fadar Chatsworth, waɗanda suka riƙe sarautar Earl na Devonshire, daga baya kuma ta Duke, wadda ta fi ta Earl girma. A 1670 Earl na uku ya sake gina masaukin ya faɗaɗa shi. An daɗe ana zaton ya rushe benen Talbot ne gaba ɗaya, sai binciken masana ya nuna cewa bangayen tsohon benen suna nan a cikin ginin da ake gani yanzu. A hankali sunan gidan ya koma Old Hall, wato tsohon zaure.

Su ’yan gidan Cavendish ba su zauna suna karɓar baƙi ba. Haya suke bayarwa ga wanda zai riƙe gidan, kamar yadda fatoma yake sauke fatake a wurinmu, ya ciyar da su ya ba su makwanci. Bambancin shi ne, fatoma gidansa ne kuma sunansa ne zai ɓaci in baƙo ya yi kuka, shi kuwa ɗan haya hankalinsa yana kan ya fid da kuɗin hayar ya sami riba. Wata baiwar Allah mai yawon ganin ƙasa a kan doki, Celia Fiennes, ta sauka a gidan a 1697, ta kuma rubuta abin da ta gani. Ta ce ana cusa gadaje biyu zuwa huɗu a ɗaki ɗaya, in baƙi sun yi yawa a haɗa mutum da wanda bai sani ba, wani lokaci har mutum uku a gado guda. Ta koka da hayaniyar masu shiga wanka da fita wadda ke hana barci, da kuma rashin kyan abin sha. A shekarun 1720 marubuci Daniel Defoe ya yaba ruwan ƙwarai, amma shi ma ya nuna cewa ƙarancin masauki ne yake hana garin cin gaba.

Kuɗin jan ƙarfe

Wanda ya ɗauki wannan ƙalubale shi ne Duke na biyar, William Cavendish. Yana da ramin haƙar jan ƙarfe a Ecton, cikin lardin Staffordshire da ke maƙwabtaka, kuma a shekarun 1780 ramin yana kawo riba mai yawan gaske. Sai ya yi niyyar mai da Buxton kishiyar Bath. Ya ɗauko wani gwanin zanen gine-gine, John Carr na birnin York, wanda tsakanin 1780 da 1789 ya gina masa dogon bene mai siffar jinjirin wata dab da Old Hall. Saboda siffar tasa ake kiransa Crescent. Ginin ya ci sama da fam 38,000. A gefen yamma akwai otal mai suna St Ann’s, a gefen gabas akwai Great Hotel da babban zauren taro da rawa, a tsakiya gidajen haya, a ƙasa kuma kantuna. A kan tudun da ke bayansa aka gina barga mai ɗaukar dawakai fiye da 100.

Duk da haka Buxton bai kamo Bath ba. Hanyoyin tsaunuka suna da wuyar bi da keken doki, yanayin garin kuma ba ya kyau sai ’yan watanni a shekara. Kafin ƙarnin ya ƙare arzikin ramin Ecton ya fara ja da baya. Wani abin kirki da aka yi a wannan zamani shi ne kafa asusun taimako a 1779, inda kowane baƙo da ya sauka a otal yake ba da sule ɗaya domin talakan da ya zo neman magani ya sami wanka da abinci.

Zamanin jirgin ƙasa

Ƙarni na 19 ne lokacin da garin ya fi bunƙasa. A farkon shekarun 1850 Duke na shida ya sa Henry Currey ya sake gina wuraren wankan. A 1859 aka mai da wani sashe na bargar dawakin nan asibiti domin marasa lafiyar asusun taimako. A 1881 aka rufe tsakar bargar da wata ƙatuwar ƙubba mai faɗin mita 44, kuma kuɗin wannan aiki daga wani asusu ne na yankin masaƙun auduga na Lancashire, don a riƙa kawo ma’aikatan masaƙa jinya.

A 1863 jirgin ƙasa ya iso, kamfanoni biyu suka gina tashoshinsu gefe da gefe. Tafiyar da a da take cin yini sai ta zama ta ’yan awoyi. Mutanen garin da suke 1,800 a 1861 suka haura 6,000 a 1881. Aka buɗe otal ɗin Palace a 1868, da lambun shaƙatawa na Pavilion a 1871, da ɗakin shan ruwan magani a 1894, da gidan wasan kwaikwayo a 1903. Masu kashe kuɗi a waɗannan wurare yawancinsu attajirai ne da ma’aikata na biranen masana’antu irin su Manchesta. Old Hall ya zama ɗaya daga cikin otal-otal masu yawa, kuma ba shi ne babba ba.

Yadda aka gangaro

A 1904 hukumar garin ta sayi wuraren wankan daga hannun Duke, daga nan kuma hannun gidan Devonshire ya yi ta janyewa daga Buxton. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya mai da manyan otal-otal masaukin sojoji. Otal ɗin Empire, wanda aka gina a 1903, ya zama sansanin sojojin Kanada, bai sake farfaɗowa ba har aka rushe shi a 1964. Gidan Devonshire kansa ya gamu da nasa bala’in, domin da Duke na goma ya rasu a 1950 gwamnati ta nemi harajin gado na kashi 80 cikin 100, kusan fam miliyan 7, har sai da magajinsa ya sayar da filaye masu yawa, ya kuma sallama gidan Hardwick da Bess ta gina.

Sa’an nan likitanci ya canja. Bayan kafa hukumar lafiya ta ƙasa a 1948, da samuwar sababbin magungunan ciwon gaɓoɓi, likitoci suka rage tura mutane wankan ruwan ɗumi. Masu hali kuma suka gwammace su hau jirgin sama su tafi hutu ƙasashe masu rana. Aka rufe wurin wanka mai zafi a 1963, aka rufe ɗaya daga cikin tashoshin jirgin nan biyu a 1967, ɗaya wurin wankan kuma, wanda aka mai da shi wurin iyo na jama’a, aka rufe shi a 1972.

Ginin Crescent ne ya fi shan wuya, saboda ya rabu tsakanin iyayen gida biyu. Gefen gabas ya daina zama otal, ya zama reshen asibiti, sa’an nan a 1970 majalisar lardin Derbyshire ta saye shi ta yi ofisoshi da laburare a ciki. Gefen yamma ya ci gaba a hannun ’yan kasuwa har 1989, lokacin da aka rufe otal ɗin St Ann’s. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Iska ta yaye wani sashe na rufin, ruwa ya shiga, katakai suka ruɓe. A 1992 majalisa ta kwashe ma’aikatanta daga nata gefen saboda an gano ginin ba shi da lafiya. Ginin da ke cikin ajin farko na kayan tarihin ƙasa ya zama kango a tsakiyar gari. Mu da muke aikin gwamnati mun san irin wannan hali, inda kowa ke jiran wani ya fara sa hannu. A 1993 sai da gwamnatin tsakiya ta tsoma baki, ƙaramar hukumar High Peak ta sayi gefen yamma da tallafin wani asusun adana kayan tarihi, aka kashe kimanin fam miliyan ɗaya da rabi don kawai a tsai da yoyo. Asibitin mai ƙubba shi ma aka rufe shi a 2000, Jami’ar Derby ta karɓe shi a 2001.

Farfaɗowa

A 2003 majalisun biyu suka zaɓi ’yan kasuwar da za su gyara Crescent su mai da shi otal, wato kamfanin Trevor Osborne da na CP Holdings. Aikin ya yi ta jan ƙafa. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne maɓuɓɓugar tana ƙarƙashin wurin da za a haƙa, ga shi kuma kamfanin Nestlé yana ɗura ruwan a kwalba yana sayarwa, saboda haka sai da aka daɗe ana shawarar wanda zai ɗauki asara in ruwan ya gurɓata. Rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 shi ma ya kawo cikas. Sai a watan Oktoba na 2020, shekara 17 bayan zaɓen ’yan kasuwar, aka buɗe otal ɗin da ɗakuna 81. Aikin ya ci wajen fam miliyan 70, kuma kusan miliyan 24 daga ciki sun fito ne daga asusun da ake tarawa daga cacar ƙasa domin gyaran kayan tarihi.

In mai karatu ya bi lissafin zai ga amsar tambayar malaminmu. Benen farko da kuɗin filaye da darma aka gina shi, Crescent da kuɗin jan ƙarfe, ƙubbar asibiti da kuɗin auduga, gyaran 2020 kuma da taimakon masu sayen tikitin caca. Kowane maigida ya zo da ƙarfin gini, amma kaɗan ne suka bar tanadin gyaran rufi bayan ransu, kuma gwargwadon girman gini gwargwadon nauyin da ya bar wa magada. Ina ganin wannan ne ya sa Old Hall, wanda ɗakunansa ba su kai 40 ba, ya ci gaba da karɓar baƙi a duk shekarun da maƙwabcinsa mai alfarma yake kulle. Ana lissafa shi cikin otal-otal mafiya daɗewa a Ingila.

Kafin in koma tasha na tsaya a rijiyar St Ann da ke fuskantar Crescent. Famfon da ke wurin a 1940 aka gina shi, ruwan yana zuba dare da rana daga bakin wani zaki na tagulla, ba a biyan ko kwabo. Na tarar da mutane a layi da jarkoki da gororin roba, wasu da motoci suka zo. Na jira layi ya zo kaina na tara hannu na sha, na ji shi da ɗumi-ɗumi kamar ruwan randar da rana ta taɓa.

A ƙarshe ina kira ga ’yan’uwanmu da ke aiki a Bauchi, wani daga cikinsu ya daure ya rubuto mana tarihin masaukin Wikki da hukumomin da suka riƙe shi, tun daga buɗe Yankari ga jama’a a 1962, da komawarsa hannun gwamnatin tarayya a 1991, da dawowarsa hannun jiha a 2006. Na tabbata za mu ƙaru da shi. Allah Ya jiƙan malamanmu da ’yan’uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya da nisan kwana, amin.